Mai Famfo da Kifin Ruwan Zartsi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kai masa man dizal. Duk bayan mako biyu, ranar Laraba, nakan loda duro huɗu a bayan motar ma'aikatar ruwa in kama hanyar kogi. Tafiyar awa biyu ce, rabi kwalta, rabi burji, a ƙarshe kuma wata 'yar siririyar hanya ta tsakiyar gonakin shinkafa. Inda hanyar ta ƙare, nan gidan famfo yake.

Gini ne mai ɗaki biyu a kan tudu. Ɗaki ɗaya na injuna, ɗaya nasa. Wani bututu mai kaurin ƙugun mutum ya gangara daga ɗakin injuna ya nutse cikin kogi, an rufe bakinsa da ragar ƙarfe saboda ciyawa da tarkace. Daga nan ake tura ruwa zuwa matatar birni. Mutum dubu nawa ke buɗe famfo su sha, amma ban taɓa haɗuwa da wanda ya san akwai wani tsoho a can yana kula da abin ba.

Sunansa yana cikin takardun ofis, amma kowa Mai Famfo yake ce masa, har matarsa idan tana ba da labarinsa. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kunnensa na hagu ya ɗan yi nauyi saboda ƙarar inji. A ɗakinsa akwai gadon ƙarfe, risho, rediyo mai eriyar waya, da wani babban littafi mai baƙin bango inda yake rubuta lokacin da ya kunna inji da lokacin da ya kashe. Kofi biyu ne a kan taga. Na biyun nawa ne, don in ba ni ba, da wuya wani ya zauna shan shayi a wurin.

“Direba, hanya ta bar ka?” Haka yake tarbata kullum.

“Ta bar ni, Baba, amma ta karɓi bayana.”

Sai ya yi dariya ya ɗora ruwan zafi.

Labarinsa ban same shi a zama ɗaya ba, a hankali na tsince shi. A bakin teku aka haife shi, daidai inda wannan kogin yake zuba, kilomita tamanin daga gidan famfo. Mahaifinsa masunci ne. Yana da shekara goma sha bakwai jirginsu ya kife a mahaɗar kogi da teku, shi ya fita, mahaifin bai fita ba. Tun daga ranar ƙafarsa ta ƙi shiga jirgi. Yayansa, wanda nauyin gida ya dawo kansa, ya yi ta lallashi har ya gaji, wata rana a gaban mutane ya ce masa tunda ruwa ya fi ƙarfinsa, ya je ya zauna da mata ya riƙa fere kifi.  Ya koyi gyaran injin jirgi a wurin wani bakanike, da ya ji ma'aikatar ruwa na neman mai kula da inji a can saman kogi, ya ɗaure kayansa ya tafi. Sau biyu kawai ya koma, na ƙarshen ranar da aka binne mahaifiyarsu.

A ɗakin nan ya yi aure, a nan suka haifi 'yarsu tilo. Yarinyar ta girma ta zama malamar jinya a birni, shi kuma Likita yake ce mata don tsokana. Da ciwon ƙafa ya matsa wa matarsa, Likita ta zo ta ɗauke ta, wai wata biyu a ga yadda magani zai yi. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru, wata biyun nan ya zama shekara huɗu. Waya ba ta kamawa a wurin sai an hau tsanin tankin ruwa, saboda haka kullum da la'asar zai hau, ya riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, ya tambaye ta ya ƙafa, ta tambaye shi ya ci abinci, shi ke nan ya sauko.

Wata Laraba cikin rani na iso ban ji “hanya ta bar ka” ba. Yana tsaye a ƙofa da wata kwalba a hannu.

“Zo ka gani,” ya ce.

Na leƙa. Wasu 'yan kifaye ne guda uku, ko tsawon ƙaramin yatsana ba su kai ba. Launin ƙasa gare su da ɗigo-ɗigo, kai babba, idanu a can sama kamar na kwaɗo. Ba sa yawo cikin ruwan, ɗaya ma ya lafe a jikin kwalbar kamar an liƙa shi.

“Baba, wannan ai ko kyanwa sai ta raina.”

“Dubi cikinsa. Ka ga fikafikan nan biyu sun haɗe sun zama kamar ɗan faifai? Da shi yake kama dutse, ruwa ya yi ta ja ba ya motsi. Mu a can manne muke ce masa. Muna yara, idan teku ta janye, mukan ɗaga bawon kawa mu same shi a ƙarƙashi yana gadin ƙwai. Namijin ke gadi, ba macen ba.”

“To, yanzu me ya faru?”

“A jikin raga na same su da safe. Shekara talatin da ɗaya ina wanke ragar nan, ban taɓa ganinsa ba. Kifin zartsi ne, Direba. Inda ruwan daɗi ya gauraya da na gishiri, nan yake zama. In ka gan shi, to gishiri na kusa.”

Ya ɗaura kwalbar lemo a igiya da dutse a gindinta, ya zura ta har ƙasan kogi, ya jawo, ya miƙo mini. Na kurɓa. Ni dai ruwa na ji. Shi da ya kurɓa sai ya daɗe yana juya shi a baki, ya tofar.

“Akwai shi. Kaɗan ne, amma akwai.”

Ya rubuta a baƙin littafinsa, ya kuma rubuta 'yar takarda ya ba ni in kai wa injiniyanmu tare da kwalbar kifin. Injiniya mutumin kirki ne, amma aiki ya yi masa yawa. Ya ɗaga kwalbar ya duba, ya yi murmushi.

“Kaɗaici ya fara taɓa tsohon nan. Muna auna ruwan duk wata, lafiya lau yake. Yanzu kuma kifi ne ma'auninmu?”

Ban iya mayar masa da kwalbar ba, ban kuma iya zubarwa ba. Na kai wa matar da ke ɗakin gwaje-gwaje, ita kuma ta ce tana da ƙawa a jami'a da ba ta da zance sai na kifi. Da na koma, Mai Famfo ya tambaye ni me Injiniya ya ce. Na ce ya ce za a duba. Ya kalle ni, ya gyaɗa kai, bai ƙara tambaya ba.

Bayan wata guda aka ce in ɗauki wata baƙuwa in tafi da ita. Mace ce mai kimanin shekara hamsin, da tabarau da takalmin roba har gwiwa, da akwatuna biyu. Ita ce ƙawar nan ta jami'a, Malama muke ce mata. Tun a mota ta dame ni da tambaya: ruwan yakan hau ya sauka a wurin? Yaushe aka gama madatsar da ke can sama? Na ce ni dai tuƙi na sani.

Da muka isa ta gaishe shi har da rusunawa, ta ce, “Baba, kai ne mai kifin?”

Ya rasa inda zai sa kansa. Ya goge kujera da hannun rigarsa, ya ba ta kofina, ni kuma na sha a murfin fulas.

Ta zura wani ma'auni mai doguwar waya cikin kogi. A sama bai nuna komai ba. Da ya kai ƙasa sai lambobin suka canja. Ta ce ruwan gishiri ya fi na daɗi nauyi, ta ƙasa yake rarrafowa, wanda ya ɗebi na sama ba zai taɓa sani ba. Tunda aka datse kogi a sama, ƙarfinsa ya ragu, da rani ba ya iya tura teku baya kamar da.

Sannan ta shimfiɗa taswira a kan gadonsa, don babu tebur. Gaɓar teku ce doguwa, an yi mata jajayen ɗigo tun daga sama har ƙasa.

“A littattafanmu gobi ake kiran danginsu, kuma suna da yawa ƙwarai. Wannan irin naka, duk inda ka ga ja, an taɓa kama shi a wurin. Ka ga nan, wata ƙasa ce. Nan ma wata ce. Ƙasa bakwai ke nan.”

Ya sunkuya yana bin ɗigon da yatsa. “Wannan ɗan abin? Shi da ko taki goma ba ya yi daga dutsensa?”

“Uban ba ya zuwa ko'ina. 'Ya'yan ne. Suna ƙyanƙyashewa ruwa ke kwashe su zuwa teku, su yi ta yawo, wanda Allah ya yi wa kwana ya faɗa bakin wani kogin ya zauna. Haka suka bi gaɓa kogi bayan kogi. Daga nan kuma,” ta nuna inda ɗigon suka ƙare, “ruwan ya yi musu sanyi, ba a ƙara ganinsu.”

“Namu kogin fa?”

Ta nuna masa. Ɗigo huɗu ne, na ƙarshen yana wajen wata gada, kilomita talatin ƙasa da mu. Ta ciro jan biro ta miƙa masa.

“Kai ka gan shi, kai za ka sa.”

Ya karɓi biron. Ya ɗiga, ya tsaya yana kallon abin.

Kwana uku ta yi tana zuwa, ina kawo ta da safe in mayar da ita masauki da yamma. A kwana ukun nan na ji muryarsa fiye da yadda na ji ta a shekara goma. Ya gaya mata wane wata manne ke ƙwai, wane tsuntsu ke cinsa, yadda yake sauya launi in an ɗora shi a kan farin yashi. Tana rubutawa, wani lokaci ta ce, “Tsaya, Baba, maimaita wannan.” In ta faɗi haka sai ya gyara zama.

A rana ta uku ta ce tana son ta je bakin teku ta kamo wasu don ta gwada da na nan, ko ya san wani a can? 

“Ina da wa,” ya ce. “In yana nan.”

Aka turo wani ya riƙe masa inji na yini ɗaya. Ya sa rigarsa mai kyau, ya zauna a gaba, muka yi ta tafiya har muka fara jin ƙarnin teku. Garin ya rikice masa. Ya ce in bi nan, muka bi, sai ga ruwa a gabanmu. Ya sauka ya tsaya. Unguwarsu ce a wurin, in ji shi, da gidansu, da bishiyar da ake ɗaure jirage. Babu komai sai wasu kututture da guntun bango can cikin ruwa.

Da tambaya muka sami yayan a sabuwar unguwa bayan kasuwa, zaune a ƙofar wani ɗakin kwano yana ɗinkin koma da lalube, don idanunsa sun yi fari. Mai Famfo ya durƙusa a gabansa.

“Yaya, ina wuni.”

Tsohon ya ɗaga kai. “Wane ne?”

“Ni ne. Ƙaninka.”

Ya ajiye allurar. Ya miƙa hannu ya shafa fuskarsa, ya shafa gemun. “Ka tsufa.”

“Kai ma, Yaya.”

“Mutuwa aka yi?”

“A'a. Manne muka zo nema.”

“Me?”

“Manne. Ya hau har wurin aikina.”

Tsohon ya yi dariya har da tari. “Shekara ashirin ba ka zo ba, sai manne ya aiko ka! Ka gudu ka bar gishiri, ga shi ya bi ka har ɗaki.”

Na ɗauka daga nan za su buɗe ciki su yi maganar da ta daɗe tana jiransu. Ba su yi ba. Sun yi zancen wanda ya mutu da wanda ya ƙaura, da yadda kifi ya yi ƙaranci. Yayan ya kwatanta wa Malama wata fadama inda za ta sami abin da take nema, muka je, ta shiga taɓo har gwiwa, Mai Famfo na tsaye a kan busasshiyar ƙasa yana nuna mata inda za ta ɗaga. Da za mu tafi yayan ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce, “A gaida iyali.” Shi ke nan. A hanyar dawowa ya juya fuskarsa wajen taga, ni kuma na ƙara ƙarar rediyo. Kafin damina ta kama aka aiko cewa yayan ya rasu. Saƙon ya kwana biyu kafin ya same shi, har an riga an binne.

Malama ta bar masa ƙaramin ma'auni da wani littafi na daban. Kullum sau biyu yana auna ƙasan kogi, ya ƙirga manne nawa ya samu a raga, ni kuma in kai mata takardun ƙarshen wata. Da damina kifin ya ɓace, da rani ya dawo, ya fi na bara yawa. Rahoton da ta rubuta ya isa ofishinmu da hatimin jami'a, wannan karon ba wanda ya yi dariya. Injiniya da kansa ya zo, ya sha ruwan ƙasan kogi, ya yamutsa fuska, ya ce, “Baba, ka yi haƙuri, kai ke da gaskiya.”

A rani na biyu mutanen birni suka fara ƙorafi shayi ba ya daɗi, sabulu ba ya kumfa. Masu shinkafar da ke kewaye da gidan famfo suka ga ganye na ƙonewa daga baki. Ma'aikata ta yanke shawarar mayar da wurin ɗiban ruwa kilomita arba'in sama, da sababbin injuna masu aiki da lantarki, waɗanda daga ofis ake kunna su. Ba sa bukatar mai kwana a wurin, ba sa bukatar dizal.

Na ce masa, “Baba, da ka sani ka mayar da kifin nan ruwa ka yi shiru.”

“In yi shiru mutane su sha gishiri? Ko na yi shiru ai shi ba zai fasa zuwa ba.”

Ni na kwaso kayansa. Ba su cika rabin bayan mota ba. Ya kashe injin da hannunsa, ya rubuta lokaci a littafi, ya goge man da ya ɗiga a ƙasa duk da ba wanda zai sake shiga. Da ƙarar ta ɗauke sai wurin ya yi wani irin tsit, har muna jin kukan tsuntsaye daga tsallaken kogi. Ya ce shi bai san suna da yawa haka ba. Manne biyu da ke cikin kwalba ya gangara ya juye su a gindin bututu, ya kulle ƙofa ya ba ni makullin in kai ofis.

Likita ta gyara masa ɗaki a gidanta, kusa da ƙofar shiga. Mijinta mutum ne mai kunya da ladabi, ba abin da ya rage shi da shi. Matarsa tana ciki tare da jikoki, ta saba da rayuwar gidan, tana da maƙwabta da shirye-shiryen talabijin da ba ta son a katse mata. Ya gaya mini wai da a kan tsani sun fi yin hira. Yanzu in ya shiga ya ce ya ƙafa, ta ce da sauƙi, sai ya rasa na ƙarawa, ya fito.

Ni ma an mayar da ni wata hanyar, ina kai ma'aikata gyaran bututu cikin gari. Sai da na yi wata biyar ban gan shi ba. Ranar da na je, na same shi a kan benci a ƙofar gida, ya rame kaɗan, yana kallon masu wucewa. Na kawo masa wata mujalla da Malama ta aiko, mai rubutun da ni da shi ba ma iya karantawa. Ta naɗe shafi ɗaya, ta ja layi a ƙarƙashin sunansa, cikin waɗanda aka yi wa godiya. Ya sa tabarau ya duba, ya juya shafin gaba da baya.

“Ta kyauta. Ka ce na gode.” Ya rufe ya ɗora a cinya. “Ka bi ta can kuwa?”

“Sau ɗaya. Ciyawa ta rufe hanya. An cire ƙofar.”

“Masu shinkafa fa?”

“Saura biyu.”

Ya gyaɗa kai. Jikarsa ta leƙo ta ce Mama ta ce a shigo da baƙo ciki, ya ce a bar mu nan, iska ta fi. Muka zauna muna kallon titi. Mai gyaran taya na tsallake yana ta bugun ƙarfe, 'yan makaranta suna wucewa. Ya tambaye ni yarana, na tambaye shi ko yana samun barci, ya ce yana samu, sai dai gari ya cika shiru da hayaniya a lokaci guda, ya rasa yadda zai kwatanta mini.

Da na tashi tafiya ya rako ni har mota. Na yi ta cewa ya koma, ya ce ai ba abin da yake yi. Na tayar, na ɗaga masa hannu. Kafin in sha kwana na duba madubi, na ga motar surukinsa ta iso tana hon, shi kuma ya juya da sauri, mujallar a hammata, yana jan ƙofar gidan da hannu biyu.